Jar Dara Ta Koma Baƙa: Ina Amana A Tsofaffin Hotunan Motocin Da Ake Shafa Wa Kala?

 Yau na ajiye siyasa da tsadar kayan masarufi a gefe, maganar hoto zan yi. Na san wani zai ce, yo ina ruwan ɗan zango da hotunan motocin Turawa na shekara ɗari da ɗoriya? A yi haƙuri a biyo ni, ruwa ba ya tsami banza. Maganar ta shigo har cikin gidanmu, kuma ina kyautata zaton ta shiga gidajen da yawa daga cikinku, ko kun lura ko ba ku lura ba.

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya san irin hotunan da nake nufi. Mota ce mai kama da keken doki da aka kwance wa dokin, ƙafafunta sirara, babu rufi, babu gilashin gaba. Direba ya ɗaura tabarau irin na masu walda, makanike na zaune a gefensa ya riƙe ƙarfe gam, ƙura ta turnuƙe a bayansu. Asalin hoton baƙi-da-fari ne, amma yanzu sai ka gan shi da kala tsaf: sama shuɗiya, ciyawa koriya shar, motar ja wur kamar jiya ta fito daga hannun mai fenti. Ba zan ɓoye muku ba, ni mayen waɗannan hotuna ne. A gidan direbobi na tashi a nan Kumasi, ƙamshin giris da baƙin mai na shaƙa tun ina rarrafe, rabin abokan ƙuruciyata kuma yau a Magazin ta Suame suke neman abinci. In na ci karo da hoton tsohuwar mota, yatsana ba ya iya wucewa.

To, bayan sallar da ta wuce ɗan ƙanwata ya faɗo mini gida da murna, waya a hannu. Ya ce, "Kawu, zo ka ga Kaka ya dawo da rai!" Hoto guda ɗaya tak muke da shi na kakanmu. Yana tsaye a jikin lorinsa Bedford mai bodin katako, wadda yake ɗaukar goro da ita daga Kumasi, a ƙetara ruwa a Yeji, a bi ta Tamale har Bawku. Mai hoton akwati ne ya ɗauka a tasha, irin wanda ke kafa ƙafa uku ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Yaron ya ɗauki hoton da wayarsa, ya zuba shi cikin wata manhaja, kafin a ɗaura alwala ya fito da kala. Wallahi da na gani sai da idona ya kawo ruwa. Muka tura zauren WhatsApp na dangi, daga Accra, daga Tamale, har 'yan uwa na Jamus da Amurka, kowa na Allah ya jiƙan maza. Nan take aka yanke shawarar a buga shi babba, a sa a kalandar bikin da ke tafe.

Sai na ce bari in kai wa Goggo ta gani, don ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, ta haura tamanin. Ta karɓi wayar, ta nesanta ta, ta matso da ita. Ta ce, "Wannan kuma wane ne?" Na ce, "Goggo, Baba ne mana, mahaifinku." Ta ce, "Kai ɗan nan, fuskar dai tasa ce. Amma Baba bai taɓa sa baƙar hula ba, jar dara ce wannan, ranar ado yake sa ta. Rigar kuwa rinin baba ce, daga Kano ya sa aka kawo masa. Wa ya mai da ita ruwan ƙasa? Motar ai koriya ce da layin rawaya. Kuma yaushe Baba ya yi fari haka?" Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kama da wane ba ta wane."

Kun ji fa. Kuskure huɗu a hoto ɗaya, kuma saura ƙiris mu buga shi a kalanda mu raba wa jikoki a matsayin tarihi. Daga ranar na daina kallon hotunan motocin Turawan nan da idon da nake kallon su da shi a da.

Bari in fara da dalilin da ya sa jar dara ta koma baƙa, don nan ne tushen maganar. Faifan ɗaukar hoto na zamanin da makaho ne a wajen jan launi. Sinadarin da ke jikinsa yana jin shuɗi sosai, yana jin kore, amma ja bai san da zamansa ba. Saboda haka jan abu yakan fito baƙi, shuɗi mai haske kuma ya fito fari-fari. Faifai mai ganin dukkan launuka ya shigo kasuwa a 1906, amma bai zama ruwan dare ba sai daga shekarun 1920 zuwa sama, masu hoton akwati na bakin tasha a ƙasashenmu kuwa sun daɗe bayan nan suna aiki da takardar da ba ta ganin ja. Ko da faifan mai kyau ne ma, launuka biyu mabambanta suna iya fitowa da ruwan toka iri ɗaya. Ma'ana, kalar ba ta ɓuya a cikin hoton tana jiran a tono ta ba. Tun ranar da aka ɗauka ba ta shiga ba.

To manhaja me take yi? Cinta take yi, kamar yaro a jarrabawar da bai yi karatunta ba. An nuna mata miliyoyin hotunan zamani masu kala, ta koyi cewa ciyawa koriya ce, sama shuɗiya ce, wannan kam tana dacewa. Amma mota ba ta da launin da Allah ya halicce ta da shi, haka riga, haka hula. In ta iso nan sai ta zaɓi abin da ta fi gani, ko ta tsaya a tsakiya, shi ya sa za ka ga tufafin mutanen da duk sun koma ruwan ƙasa ko wani shunayya-shunayya marar kan gado. Fatar mutum ma haka, abin da ta saba gani shi take shafawa. Masu tallar waɗannan manhajoji sukan ce suna dawo da kala. Ba dawowa ba ce, rini ne. Mu da muka gaji marina mun san bambancin wanke riga da tsoma ta a baba.

Wani zai ce to sai me, in an sa wa mota ja a maimakon shuɗi, wa aka cuta? Nan ne tarihin tseren motoci ke da abin faɗa, domin a can launi ba ado ba ne, tuta ce. An yi gasar motoci ta farko da ta yi suna a 1894, daga Paris zuwa Rouen, tafiyar kilomita 126. Da abin ya girma, wani attajirin ɗan jarida Ba'amurke, James Gordon Bennett, ya sa kofi a 1900 don ƙasa da ƙasa su kara. Don 'yan kallo su gane wa ke wucewa cikin ƙura, aka raba launuka: Faransa shuɗi, Beljiyam rawaya, Jamus fari, Amurka ja. Da Ingila ta ci kofin a 1902, ya zama ita za ta karɓi baƙuncin na 1903, ga shi dokarta ta hana tsere a titunan jama'a, sai aka kai gasar Ailan, motocin Ingila suka fito da kore don girmama masu masauki. Daga baya ja ya koma hannun Italiya, shi ne jan da Ferrari ke tinƙaho da shi har gobe. Kenan wanda ya ɗauki hoton motar Faransa a gasar kofin nan ya shafa mata ja, ya canza mata ƙasa. Kamar ka ɗauki hoton 'yan Kotoko ne ka sa musu rigar Hearts, ka ce ai ado ne kawai. Je ka faɗi haka a Kumasi ka gani.

Ga misali guda da ke ba ni dariya. Wanda ya ci tseren Ailan na 1903 ɗan Beljiyam ne, Camille Jenatzy, a cikin Mercedes, yana yi wa Jamus. Shi ne mutum na farko da ya haura gudun kilomita 100 a awa a cikin mota, a 1899, kuma motar lantarki ce, ga masu zaton motar lantarki jiya aka ƙirƙiro ta. Laƙabinsa Jan Shaiɗan, saboda jan gemunsa. To a faifan da ba ya ganin ja, ya gemun zai fito? Baƙi. Manhajar da ba ta san laƙabinsa ba, me zai sa ta ba shi jan gemu? Ta goge abin da duniya ta san shi da shi, kamar yadda ta goge jar darar kakana.

Haka motar da Ray Harroun ya ci tseren Indianapolis na farko da ita a 1911, Marmon mai lamba 32. Rawaya ce, tana nan a gidan tarihin filin tseren, wanda ya je zai gan ta da idonsa, amma daga hoton baƙi-da-fari kaɗai ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Ga kuma Ford samfurin T da kowa ke ɗauka baƙa ce tun fil azal. Ta fito a 1908, kuma a shekarunta na farko ana samun ta da ja, da kore, da shuɗi, da ruwan toka. Baƙi zalla daga 1914 ne zuwa 1925. Wanda bai san shekarar hoto ba, ba zai san fentin da ya dace ba.

Kuma kada a ɗauka manhaja ce ta fara ƙarya a kan launi, mutane sun riga ta. Akwai shahararren labari cewa a 1934, a filin Nürburgring na Jamus, motar tseren Mercedes ta zarce nauyin kilo 750 da aka ƙayyade da kilo ɗaya, sai makanikai suka kwana suna kankare farin fentin, ta fito da ruwan azurfar ƙarfenta, daga nan motocin Jamus suka koma ruwan azurfa. Labari mai daɗi, kuma shugaban tawagar, Alfred Neubauer, ya ba da shi a littafin rayuwarsa a 1958. Amma masu bin diddigi sun nuna cewa wannan tsere ba a ƙarƙashin dokar nauyin aka yi shi ba, kuma tun 1932 an ga Mercedes mai ruwan azurfa a filin Avus na Berlin. In mutumin da aka yi abu a gabansa zai iya ƙara masa gishiri bayan shekara 24, ina ga na'urar da ba ta nan?

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, hotunan da masu kala iri uku ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Akwai waɗanda da kala aka ɗauke su tun asali. 'Yan uwan nan biyu na Faransa, su Lumière, sun fitar da faifan kala a 1907, wanda aka yi da ƙwayoyin sitacin dankali da aka rina. Sai dai yana buƙatar abu ya tsaya cak na daƙiƙa ɗaya ko fiye, don haka zai ɗauki mota a ajiye amma ba zai kama ta tana tsala gudu ba. Duk wanda ya nuna maka mota tana tsere a 1908 da kala garau, ka san hannu ya taɓa hoton. A Rasha kuma Prokudin-Gorsky yana ɗaukar abu sau uku ta gilasai ja da kore da shuɗi, a haɗa. Shi ya ɗauki Sarkin Bukhara, Alim Khan, a 1911, da shuɗiyar alkyabbarsa mai furanni. Wannan shuɗin shaida ne, haske ne ya rubuta shi.

Akwai waɗanda mutum ya zauna ya rina da hannu bayan ya yi bincike. Irin aikin Marina Amaral ta Brazil kenan, wadda ta fitar da littafi tare da masanin tarihi Dan Jones a 2018, ko fim ɗin da Peter Jackson ya yi a wannan shekarar da hotunan yaƙin duniya na farko. Mai irin wannan aiki yakan nemi kakin soja na gaske, ya duba motar a gidan tarihi, ya karanta jaridun lokacin. Duk da haka akwai inda dole ya cinta, kuma na ƙwarai a cikinsu ba sa ɓoye hakan.

Sai na uku, na danna-ka-samu, wanda shi ne ya cika wayoyinmu. Matsalar ita ce dukkan ukun a fuskar waya kamarsu ɗaya, kuma da hoto ya bi hannu biyu uku a WhatsApp, bayanin da ke ƙasansa ya faɗi a hanya.

Yanzu bari in yi wa masu rinin adalci, don suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Suna cewa duniyar da ba baƙi-da-fari ba ce. Gaskiya ne. Mutanen nan sun ga jini ja, sun ga ganye kore, hoton baƙi-da-fari shi ma ragi ne a kan gaskiya. Kai, kyamara kanta takan karkatar da abu. Akwai sanannen hoton da matashin Bafaranshe Jacques Henri Lartigue ya ɗauka gab da yaƙin duniya na farko, motar tsere na wucewa, ƙafarta ta baya ta koma kamar ƙwai, 'yan kallo sun karkace kamar iska na tura su. Ba haka abin yake a fili ba, labulen kyamarar ne ba ya buɗewa gaba ɗaya, tsaga ce ke ratsa faifan yayin da motar ke gudu. Suna kuma cewa yaran yanzu ba sa tsayawa kallon baƙi-da-fari. Wannan ma na shaida. Hoton kakanmu ya shekara nawa a cikin adaka, ɗan ƙanwata bai taɓa tambayar ko wane ne ba sai da kala ta shiga. Ranar ce ya fara tambayar ina ne Yeji, me ya sa ake kai goro arewa. Don haka ni ban ce a hana ba. In an hana ma wa zai ji?

Abin da na ƙi shi ne a sayar mini da cinta da sunan shaida. Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji, kuma nan haɗarin yake. Da maganar Goggo da hoton manhaja suka yi karo, wasu cikin dangi hoton suka gaskata. Wani ma cewa ya yi ai tsufa ne, ta manta. Ku duba fa, mace ta wanke rigar nan da hannunta, amma na'urar da ba ta taɓa jin sunan Bawku ba ta fi ta gaskiya a idon jikoki.

Kuma wanda ya saba taɓa hula, wata rana fuska zai taɓa. A watan Afrilu na 2021 kafar Vice ta wallafa hotunan fursunonin kurkukun Tuol Sleng na Kambodiya, mutanen da gwamnatin Khmer Rouge ta ɗauki hotonsu kafin ta kashe su. Wanda ya rina hotunan bai tsaya a kala ba, a wasu har murmushi ya ɗora musu. Hukumomin Kambodiya suka yi tir, aka sauke hotunan. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Akwai wani abin kuma da kala mai daɗi ke lulluɓewa, wato mutuwa. Hotunan tseren Paris zuwa Madrid na 1903 suna cikin waɗanda aka fi yaɗawa, kuma in an rina su sai ka ce ranar hawan salla ce. Alhali tseren ko Madrid bai kai ba. A Bordeaux gwamnati ta tsayar da shi tun ranar farko, saboda haɗurran da suka yi ajalin mutum aƙalla 8, direbobi da makanikai da 'yan kallo. Cikinsu har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan uwan da suka kafa kamfanin Renault. A Le Mans a 1955 mota ta tashi sama ta tarwatse cikin jama'a, sama da mutum 80 suka mutu. Makaniken nan da ke maƙale a gefen direba, wanda muke gani muna sha'awa, ba bel ba hular kwano, sau da yawa ko sunansa ba a rubutawa a ƙasan hoton. Ni jikan direba ne, na san wanda ake mantawa a harkar mota.

Wannan ya kawo ni kan namu. Mota ta farko ta iso wannan ƙasa a 1902, mai aiki da tururi, ƙirar Faransa, an kawo ta don Gwamna Nathan. A watan Oktoba na 1924 kamfanin Citroën ya tayar da ayarin motoci 8 masu bel ɗin roba a ƙafafun baya daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, suka ratsa Sahara, suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram, suka wuce tafkin Chadi da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, wasunsu har Madagaska a 1925. Sun tafi da mai ɗaukar fim, Léon Poirier, da mai zane, Alexandre Iacovleff. Ƙasar Hausa suka ratsa, kuma a hotunansu akwai sarakuna da mahaya da mutanen gari, kakannin wasunmu. Ga kuma dubban hotunan Gold Coast da Kamaru da mishan ta Basel ta tara, suna nan a intanet. In Bature mai son motoci ya zauna rina irin waɗannan, zai kwana yana binciken fentin motar, don akwai takardun kamfani, akwai gidan tarihi. Mutumin da ke tsaye a gefe da rawani fa? Wa zai bincika masa ko rawaninsa fari ne ko ɗan Kura ne mai ƙyalli? Wa zai gaya wa manhaja cewa kayan dogari ja da kore ne? Su Turawa in an yi kuskure a motarsu, akwai ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci da za su yi ca. Mu kuwa taskarmu tsofaffinmu ne, kuma kullum raguwa suke.

Ga ma'auni guda da zai taimaka. James Barnor, mai ɗakin hoton Ever Young na Jamestown, shi ya kafa wurin wanke hoton kala na farko a Ghana wajen 1970. Ba wai babu hoton kala na ƙasar nan kafin lokacin ba, akwai, don fim ɗin Kodachrome ya fito tun 1935 kuma baƙi sun zo da shi. Amma in ka ga hoton zangonku na zamanin Nkrumah ko kafinsa da kala fes, ka tambaya daga ina. Hoto yana da alamomin da ake gane shekarunsa da su, misali in ka ga motoci na bin hannun hagu a titin Accra, to kafin 4 ga Agusta 1974 ne, ranar da muka koma hannun dama. Lambar mota, ƙirar bodi, rubutun da ke goshin lori, duk shaidu ne. Kalar manhaja ba ta cikinsu.

Saboda haka ga roƙona, ga masu shafukan tarihi na zangunanmu, da matasa masu wayoyi, da mu iyaye.

Na farko, duk wanda ya rina hoto ya rubuta a jikin hoton kansa cewa rinanne ne, ba a ƙasa inda zai ɓace ba. Na biyu, a riƙa sa na asali a gefensa, mai kallo ya ga abin da kyamara ta gani da abin da aka ƙara. Na uku, kada a taɓa fuska. Ba a ƙara murmushi, ba a goge tsage, ba a haskaka fata. Tsagen fuskar kakanka shi ne takardar asalinku, kuma manhajojin da ke gyara fuska suna iya ɗaukar sa datti su share. Na huɗu, a adana na asalin. A fitar da shi daga inda laima da gara za su ci shi, a kwafe shi da kyau, a rubuta a bayansa da fensir wane ne, ina ne, yaushe ne. Na biyar kuma shi ne mafi gaggawa: a je wurin tsofaffi da hoton tun suna nan, a kunna rikoda, a tambaye su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu dai ga yadda muka ƙare. Na ɗauki Goggo a tasi na kai ta shagon wani yaro mai aikin zane a kwamfuta, aka ba ta kujera a gefensa. Tana faɗa yana shafawa. Dara ta koma ja. Riga ta koma baba, sai da ta sa ya ƙara mata duhu sau biyu. Koren motar ne ya ba mu wuya, ya gwada sau uku, a ƙarshe ta ce, "Ya yi kusa, bar shi haka nan." Muka buga biyun gefe da gefe a kalandar, muka rubuta a ƙasa cewa kalar daga bakin 'yarsa aka ɗauko ta.

Abu ɗaya ne ta kasa tunawa. A can gefen hoton akwai yaron mota, ya dafa ƙyauren baya, rabin jikinsa ne kawai ya shigo. Ta ce ta san shi, daga wajen Bawku yake, yakan sayo musu rake, amma sunansa da launin rigarsa sun kwanta mata. Mai kwamfutar ya ce bari ya sa masa shuɗi, zai fi kyau. Na ce a'a, bar masa ruwan tokarsa. Ko Allah zai sa wani jikansa ya ga kalandar ya zo ya faɗa mana.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.